Taken Baba da Wutsiyar Kunkuru

Akwai abin da mutum kan rantse ba zai manta ba, amma kafin damina biyu ya bi ruwa. Akwai kuma wanda ko da sabulun salo aka wanke kai ba ya fita. Ranar da taubashina ya zauna a tsakar gidanmu ya ɓata wa mahaifina takensa da gangan, tana cikin kashi na biyu, kuma ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Tun da Allah ya yi masa rasuwa bara, kowa ke ta ba da labarinsa, wannan ya ce gwani ne, wancan ya ce ba a yi mai hannu irin nasa ba a ƙasar Funtua. Duk gaskiya ne. Amma ban ji wanda ya ce ja'iri ne na ƙin ƙarawa ba, ni kuwa a ganina in aka tsallake wannan, rabin mutumin kawai aka faɗa.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar Baba ce ta haife shi. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun ranar sunansa bawana ne, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai wannan. Shi kuma ba ya ce mini komai sai "ranki ya daɗe", yana faɗa yana rusunawa irin rusunawar da ta fi zagi ciwo. A ƙauye ɗaya muka tashi, nan kusa da Tsiga, har aure ya kai ni Malumfashi, shi kuma kiɗa ya kai shi Funtua.

Makaɗin fiyano ne a wani ɗan situdiyo da ke bayan kasuwa. Ba ya waƙa, muryarsa ma in ya ɗaga ta kaji kan watse. Aikinsa shi ne mawaƙi ya zo da waƙa a baki, ya ɗan rera masa, kafin ya kai ƙarshen baiti shi ya riga ya ɗora mata kiɗa. Masu waƙar biki, masu bege, masu waƙar siyasa, har masu tallar taki da maganin feshi, duk ta hannunsa suke bi. Wasu daga Zariya suke tasowa, wasu daga Kano. Akwatin nan nasa kuwa babu abin da ba ya fitowa daga cikinsa, kalangu ne, goge ne, sarewa ce. Sai ka ji waƙa ta cika motocin haya da shagunan caji, ana ta kiran sunan mawaƙi, shi kuma mawaƙin yana ta kiran sunayen alhazai a ciki, amma wanda ya ɗauki waƙar a kafaɗa ba mai ambatonsa. Na sha yi masa gori a kan haka. Sai ya yi dariya ya ce, "Ranki ya daɗe, kin taɓa jin an yabi gishiri a gidan biki? Amma a manta da shi ki gani."

Wani mugun hali da yake da shi shi ne kaɗa tafiyar mutane. In ka shigo situdiyo, ba zai ɗago kai ba, sai dai ka ji fiyano na bin sawunka taku bayan taku. Mai ɗingishi ya ji ɗingishinsa, mai taƙama ya ji taƙamarsa. Ranar da na fara zuwa wurin, ina da tsohon ciki, sai na ji wani kiɗa yana rangaji dama da hagu, mutanen ɗakin suna ta ƙunshe dariya. Na tsaya, kiɗa ya tsaya. Na taka, ya taka. Da na tambaya ya ce sunan kiɗan "agwagwa ta je awo". Da jakar hannuna na rama, kuma har yau ban yi nadama ba.

Mutum ɗaya ne duk duniya bai yarda bawana makaɗi ba ne, shi ne Baba. A wurinsa fiyano "akwatin malalata" ne. Yakan ce wane irin kiɗa ne mutum zai zauna a inuwa yana taɓe-taɓe da yatsu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Kuma yana da dalilinsa, don a zamanin ƙuruciyarsa Baba gwanin noma ne wanda ake ji da shi a gayya. Ga waɗanda ba su riski abin ba, in an yi gayya makaɗa kan bi manoma da gangar noma, kuma duk wanda ya isa yana da takensa, wato kiɗan da aka yanka masa shi kaɗai. Ganga ce ke magana, amma kowa ya san abin da take cewa. In aka kaɗa wa mutum nasa, sai ka ga tsuma ta kama shi, ya rungumi garma ya shiga kunya kamar ba gobe. Taken Baba gaɓa biyu ne: "Riga rana fita, bar rana a hanya."

Kowane gwani da abokin karawarsa. Na Baba wani mutum ne na ƙetaren rafi da ake wa laƙabi da Kunkuru, saboda ba ya sauri kuma ba ya tsayawa. Baba ya yi fit ya wuce, ya waiwayo, ya gan shi yana nan tafe. Nasa taken shi ne: "Kunkuru mai cinye gona, sannu ba ta hana zuwa." Sun tsufa, makaɗan sun mutu, gayyar ma injin huɗa da maganin feshi sun kore ta, amma gabar nan ba ta tsufa ba. A gidanmu ko da wasa ba a cewa sannu ba ta hana zuwa. Na taɓa faɗa ina yarinya, an aike ni na daɗe, ranar na gane cewa karin magana ma yana da gidan da ba ya shiga.

To, ana nan sai hawan jini ya kayar da Baba a bakin rumbu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka kai shi asibiti a Funtua, aka yi abin da za a yi, aka sallamo mu. Likita ya ce ƙafar da sauran rai a cikinta, in zai daure ya riƙa takawa ko da bin bango ne, za ta dawo, in kuwa ya kwanta, to ta tafi ke nan. Baba ya dawo gida ya kwanta, ya juya fuska bango.

Babu irin lallashin da ba mu yi ba. Inna ta yi, ni na baro gidana na zo na tare na yi, liman ya zo ya yi nasiha, abokansa suka zo suka yi ta ba shi labarin wane da wane da suka warke. Kowa ya shigo sai "sannu Malam", "sannu Baba", har na lura duk sannun da aka yi masa sai ya ƙara dunƙulewa. Abinci sai an yi da gaske yake karɓar loma biyu. Da aka yi ruwan shuka, ƙanshin ƙasa ya cika gida, na ɗaga labulen ɗakinsa don ya shaƙa, sai ya ce in sauke. Ya ce shi da gona sai a lahira, mu bar shi ya jira lokacinsa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya daina faɗa. Kun dai san mu Katsinawa, zagi a bakin tsohonmu kusan gaisuwa ce. Ranar da ƙanena ya bar akuya ta shiga rumbu Baba ya ji bai ce uffan ba, ranar na shiga bayan ɗaki na yi kuka mai isata, don na san muna rasa shi yana numfashi.

A cikin wannan hali dabara ta zo mini. Na hau mota na tafi Funtua, na sami bawana yana fama da wani mawaƙi da ke neman kashe kansa a kan baiti ɗaya. Na ja shi waje na ce ina so ya zo ya kaɗa wa Baba takensa, ko Allah zai sa zuciyarsa ta motsa.

"Da akwatin malalata?" ya ce.

"Da shi. Ba ka ce babu gangar da ba ta cikinsa ba?"

"Akwai ta. Amma ranki ya daɗe, in Kawu ya ji takensa yana kwance, kina ganin tashi zai yi ko kuka?"

Na ce shi dai ya yi abin da aka sa shi, bawa ba ya gardama da uwar gijiyarsa. Ya kalli ƙasa, sai na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, "An gama." Ni da na san shi tun yana tsumma, ya kamata a ce wannan saurin amincewa ya sa na tsargu, amma damuwa ta rufe mini ido.

Taken kuwa a bakin uwarsa ya koye shi, don Gwaggo ita ce mai guɗar yayanta a zamanin gayya. Ta zaunar da shi ta yi ta karanta masa da baki tana buga cinya, har ta tabbatar ya zauna masa daram. Ta ce mini ko makaɗin ainihi sai haka.

Ranar da aka sa, da hantsi, sai ga shi a kan babur, ya naɗe fiyano a bargo ya goya a baya, ga batirin mota, ga lasifika an ɗaure da roba. Ya leƙa ɗakin Baba ya durƙusa.

"Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Baba, bai ko juyo ba.

"Na zo da akwatin malalata, ko za a zage shi a sami lada."

Baba ya ƙara dunƙulewa. Na ga fuskar bawana ta canza, don bai taɓa gaida kawunsa ya tashi ba tare da guzurin zagi ba. Ya fito, ya kwashi kayansa ya nufi can ƙarshen tsakar gida, gindin darbejiya kusa da rumbu. Na ce ya matso bakin ƙofa mana, mara lafiya ake yi wa. Ya ce gangar noma daga nesa ake jin daɗinta. Sannan ya ɗora lasifika a kan katanga, ya juya bakinta wajen rafi. Wannan ma na gani, ban kawo komai a raina ba.

Da ya sa hannu, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ban san yadda ya yi ba, amma ganga ce sosai, har da ɗan kurman sautin nan na fatar da ta sha rana. Inna na tankaɗe ta saki rariya. Ganga ta ce, "Riga rana fita," Gwaggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin wadda aka yi shekaru ba a ji ba a unguwar. Muna jiran "bar rana a hanya", sai ganga ta ja numfashi, ta sassauta, ta shiga rangaji a hankali: "Sannu ba ta hana zuwa."

Guɗar Gwaggo ta maƙale a maƙogwaro har sai da ta yi tari. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi, taken Kunkuru a gidan nan?" Gwaggo ta yi kansa tana cewa, "Kai, ɗan nema, haka na koya maka?" Ko kallonta bai yi ba. Ya sake ɗaukowa daga farko, kan Baba, wutsiyar Kunkuru, ya ɗinke su tsaf kamar tare aka haife su. Ga lasifika na kallon ƙetare, inda Kunkuru ke zaune a majalisarsa kullum da hantsi, da kunnuwansa biyu lafiya lau.

Mutumin da hawan jini ya kayar, a zo a yi masa wannan a cikin gidansa? Na ce a raina yau bawana zai ƙarasa mini uba. Na nufi batirin zan fizge waya, sai muka ji murya daga ɗaki, a karkace, harshe na harɗewa, amma muryar Baba ce ta da.

"Wane ɗan banza ne wanga?"

Bawana ya karkata kunne. "Na'am, Kawu? A ƙara sauti?" Ya murɗa.

Buta ce ta fara fitowa ta labule, ta faɗi a tsakar gida tana zubar da ruwa. Takalmi ya biyo ta. Bayan takalmi sai zagi, tiryan-tiryan, tun daga kan bawana har zuwa wanda ya ƙera fiyano da wanda ya sayar da batir. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba, ina tsoro ina kuma jin kamar in taka rawa. Bawana dai sai cewa yake, "Kawu ban ji ba, kiɗa ya yi yawa, sai dai a matso."

Sai zagin ya ɗauke ɗif. Na zabura zan shiga ɗakin, Inna ta riƙe mini hannu gam, ta girgiza kai. Ita ta riga ni ganewa, ba a banza ta yi zaman shekaru da mutumin ba.

Labule ya motsa. Hannun dama ya fito ya kama dokin ƙofa. Sai ga Baba tsaye, hula a karkace, ya dogara da tsohuwar ƙotar garmarsa da ke jingine a bayan ƙofa tun ban san yaushe ba. Ya rame har wuyan rigarsa na zamewa, amma idanun nan jajur suke, kuma ba mu suke kallo ba. Ya jefa ƙota gaba, ya taka ta dama, ya jawo ta hagu. Ya sake. Da ya zo inda bango ya ƙare ya yi tangaɗi, na ƙwace daga hannun Inna, sai bawana ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa na kan yatsunsa.

"Ranki ya daɗe, kika taɓa shi kin ɓata mini kiɗa."

Na dube shi da niyyar in watsa masa magana, sai na ga gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ashe shi ma a tsorace yake, ya san abin da ya ɗauko. A nan ne kuma kunnena ya kama wani abu. Kiɗan ya canza gudu. Ƙota ta sauka, ganga ta sauka. Ƙafar dama ta taka, ganga ta taka. Ta hagu ta ja ƙasa, ganga ta jira ta har ta iso. Mugun halin nan nasa na kaɗa tafiyar mutane ne ya juya, yana bin Baba taku bayan taku, yana sa masa kiɗa a ƙarƙashin ƙafa, yadda duk wanda ya gani zai ce Baba ne ke taka rawa daidai, ba ƙafa yake ja ba.

Haka Baba ya ratsa tsakar gidan nan har gindin darbejiya. Ya ɗaga ƙota ya sauke wa bawana a kafaɗa, ba da ƙarfi ba don ƙarfin bai dawo ba, amma da niyya. Sannan ya zauna daɓas a kan turmin da ke kife yana haki.

"Kai, mi na yi maka? A gidana? Kunkuru na ji?"

"Wai ba haka yake ba, Kawu? Ai na ɗauka duk taken tsofaffi ɗaya ne."

Gwaggo ta ce, "Ƙarya yake, Yaya, wallahi daidai na koya masa." Baba ya ce ta yi masa shiru, ita ma ai ba ta taɓa iya komai ba sai ihu. Ya gyara zama ya shiga buga ƙota a gindin turmi: bar, ra, na, a, han, ya. "Ka ji? Haka ake yi, mai ƙwaƙwalwar kifi."

"Au, to, to. Haka?" Ya kaɗa, ya kawo tsakiya, ya karkace wani wajen daban.

Suka yi ta yi, Baba na bugawa yana zagi, shi yana ɓatawa yana ba da haƙuri. Mutumin da ke kama waƙar baƙo kafin a gama rera ta, wai shi ne ya kasa gaɓa ɗaya har rana ta take. Ni da Inna muka shige kicin muka toshe baki da gyale, dariya na cin mu hawaye na zuba. Daga ƙarshe Baba ya gaji ya ce, "Gobe ka dawo. Ba za ka je kana kaɗa wannan shirme a Funtua a ce takena ne ba." Ya juyo wajenmu ya daka tsawa, "Wai gidan nan ba a dama fura ne?"

Kafin la'asar saƙo ya iso daga ƙetare. Kunkuru ya aiko a gaida Baba da jiki, a kuma ce masa ya ji karramawar da aka yi masa, ya gode, Allah ya bar zumunci. Baba ya shanye furarsa tas saboda haushi, ya ce a ƙaro.

Bawana ya dawo washegari, ya kuma ci gaba da dawowa duk lokacin da ya samu ya zille wa mawaƙansa, suna ta kiran waya suna ƙorafi yana ce musu yana makaranta. Sai dai kullum wurin zamansa na ƙara nisa. Yau a zaure, wai tsakar gida akwai kaji. Gobe a ƙofar gida, wai zaure na amsa kuwwa. Jibi a gindin tsamiyar bakin hanya. Kuma kullum da sabon kuskuren da zai ƙirƙiro, in ya ga Baba na neman yin sanyi sai ya maido da wutsiyar Kunkuru, nan take ka ji ƙota na dukan ƙasa. Ba na shakkar Baba ya gano wasan tun ba a je ko'ina ba, don mutum ne mai wayo. Amma bai taɓa nunawa ba. Ina jin ya fi masa sauƙi ya ce zai je gyara wa wawa kuskure, da ya ce zai je koyon tafiya a gaban jama'a.

Masara ta kai gwiwa ranar da bawana ya kafa kayansa a bakin gonar Baba. Muka biyo tsohon a baya daga nesa, yana tafe yana tsayawa, har ya iso ya tsaya a kan kunyar farko. Ranar babu wasa. Bawana ya kaɗa taken tun daga kai har ƙarshe, "Riga rana fita, bar rana a hanya," ya maimaita, ya sake maimaitawa, Gwaggo ta samu ta ƙarasa guɗarta da ta maƙale. Baba ya daɗe tsaye yana kallon gonar. Sannan ya sunkuya da ƙyar, ya sa hannunsa mai lafiya ya tuge wata ciyawa a gindin masara, ya karkaɗe ƙasar ya jefar. Ya ce, "Da ɗan dama. Amma ganga ta fi." Iyakar yabon da bawana ya taɓa samu a bakin kawunsa ke nan, kuma na ga ya karɓe shi hannu biyu.

A hanyar komawa na ce masa, "Kai bawa, da ya faɗi fa?" Ya ce da ya shiga uku, ya san da haka. Amma wai a situdiyo ya koya. Mawaƙin da zuciyarsa ta mutu, in kana ce masa ya yi ƙoƙari sai ya ƙara lanƙwashewa, amma ka ɓata masa waƙarsa a gabansa ka ga yadda zai miƙe ya ƙwace ta. Ya ce, "Ku kun cika shi da sannu. Ni kuma na kawo masa sannun da ba zai iya haɗiyewa ba."

Baba na nan da ransa har yau, yana zuwa gona da sandarsa, yana zagin masu feshi. Bawana ne ya tafi. Ciwo na 'yan kwanaki, wanda muka ɗauka zazzaɓi ne, sai ga shi an kawo shi gidan Gwaggo a naɗe. Mawaƙa suka cika ƙauyenmu da motoci, waɗanda ba su taɓa kiran sunansa a waƙa ba suna ta kuka suna cewa an yanke musu hannu. Ban ji haushinsu ba, gishiri ne aka manta da shi suka gani.

Ina tsaye a bayan ƙofar zaure tare da mata lokacin da aka ɗauki makara. Maƙabartarmu da 'yar tafiya, jama'a kuma suna sauri kamar yadda aka saba. Ƙanena ya kawo babur ya ce Baba ya hau. Baba ya ture hannunsa. Aka ce Malam za a bar ka a baya fa, ka daure ka hau. Ya tsaya dogare da sanda yana kallon makarar tana nisa, sai na ji ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba, "Yaron nan shi ne Riga-rana-fita, ya bar mu a hanya. Ku je. Da ƙafar da ya ba ni zan raka shi. Sannu ba ta hana zuwa."

Ya jefa sanda gaba, ya taka ta dama, ya jawo ta hagu. Babu ganga a ƙarƙashin ƙafarsa ranar, amma ni ina jin ta. A nan na zauna a ƙasan zaure na yi kukan da ban yi ba tun da aka kawo gawar.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, ba duk mai tausaya maka ne ke tashe ka ba, wani tausayin ma shimfiɗa yake ƙara maka. Wani lokaci mai ƙaunarka na gaskiya shi ne wanda ya san inda zai tsokane ka har ka miƙe don haushi, ya yarda ya sha zagi da duka, sannan ya bi ka a baya yana gyara maka taku ba tare da ya ce shi ya yi ba. In Allah ya ba ka irin wannan, ka yaba masa tun yana ji, kada ka tsaya a "da ɗan dama". Yanzu in na je gida nakan tarar da Baba a gindin darbejiya yana buga sanda a jikin turmi shi kaɗai, kan takensa da wutsiyar Kunkuru, kuma duk gidan babu mai gyara masa.